Mamman Shata: Ɗan Musawa da muryarsa ta ƙetare iyaka har Garwa

A duk lokacin da aka yi rashin wani mawaƙi a ƙasar Hausa, ko a Kano ne ko a Maraɗi ko a Garwa, da wuya a tashi daga zaman makoki ba a ambaci sunan Alhaji Mamman Shata Katsina ba. Da shi ake auna na baya, a ce wane ya kusa kama ƙafarsa, wane kuwa da sauransa. Sama da shekara 25 ke nan da rasuwarsa, amma har yau ana jin muryarsa a tashoshin mota, da teburan masu shayi, da shagunan teloli, da wayoyin samarin da ba su ma zo duniya ba a lokacin da ya bar ta.

A arewacin Kamaru, inda Hausawa ba su ne masu rinjaye ba, matsayin Shata ya wuce na mai nishaɗantarwa. Ga iyalai da yawa a Garwa da Marwa da Ngaundare, waƙoƙinsa na cikin abubuwan da suka riƙe musu harshen gida. Wannan shi ne tarihin mutumin da mahaifinsa ya so ya hana shi waƙa, amma ya rasu da digirin girmamawa na jami'a saboda ita.

Yaron da aka hana waƙa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a shekarar 1923 a garin Musawa da ke ƙasar Katsina. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya, kuma gidansu gidan Fulani ne. Kamar sauran yaran zamaninsa, ya yi karatun allo, ya kuma yi aikin gona.

Abin lura shi ne bai gaji kiɗa ba. A ƙasar Hausa ta wancan lokaci sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan mahauci ya yi fawa, ɗan makaɗi ya ɗauki ganga. Kiɗa da waƙa kuwa ana lissafa su a cikin roƙo, kuma ana ganin ƙasƙanci ne ɗan gidan da ba na maroƙa ba ya tsaya a bainar jama'a yana yabon wani don a ba shi kyauta. Saboda haka Ibrahim Yaro bai ji daɗi ba ko kaɗan da ya ga ɗansa ya karkata ga waƙa, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa ya raba shi da ita. Wannan ya jawo saɓani tsakanin uba da ɗa, amma yaron bai daina ba.

Kafin waƙa ta zame masa sana'a, Mamman ya taɓa tallar goro, daga baya kuma ya koma sayar da alewa a kasuwannin ƙauyukan da ke kewaye da Musawa. A nan ne ma ya samo laƙabinsa. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa idan ya sayar da kaya, sai ya rabar da kuɗin ga mutanen da ya gamu da su, ya komo gida hannu rabbana. Wani ɗan'uwansu mai suna Baba Salamu shi ne ya fara kiran sa Mai Shata, wato mai watsar da abin da ya samu. Sunan ya bi shi, halin kyautar ma ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Makarantarsa ta waƙa ita ce dandali. Da dare, bayan an gama aikin yini, samari da 'yan mata kan taru a yi kiɗa da rawa, a yi ba'a da gasar baki. A wannan fage Mamman ya riƙa yin waƙa don sha'awa, ba don kuɗi ba, har ya gagari tsaransa. Saurin haɗa magana nan take da ya shahara da shi daga baya, a dandali ya koyo shi, wurin da wanda ya yi jinkirin mayar da martani yakan sha dariya.

Daga Bakori zuwa Kano

Sauyin farko a rayuwarsa ya zo ne ta hannun Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a harkar sayen auduga da gyaɗa. Shi ya jawo Shata zuwa Bakori, ya zame masa ubangida. A Bakori ya yi auren fari, kuma daga nan ya fara fita da makaɗansa zuwa garuruwa, yana yi wa 'yan sarauta da attajirai da manoma waƙa.

Lokacin ya yi masa daidai. Auduga da gyaɗa sun kawo kuɗi a hannun jama'a, jirgin ƙasa da manyan motoci sun haɗa garuruwa, an kuma samu sabon rukunin masu hali waɗanda ba sarakuna ba ne: dillalan gyaɗa, 'yan kwangila, masu motocin haya, ma'aikatan gwamnati. Waɗannan mutane suna da abin bayarwa, suna kuma son a san da su, amma makaɗan fada ba nasu ba ne. Shata ya cike wannan gurbi.

A ƙarshen shekarun 1940 ya fara shiga Kano. A 1952, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka yi babban bikin auren 'ya'yan sarki a birnin, wanda ya tara manyan mutane da makaɗa daga sassa da dama. Wasan da Shata ya yi a wannan biki shi masana suke ɗauka a matsayin mafarin ɗaukakarsa. Daga baya ya kafa gidansa a Funtuwa, garin auduga da tashar jirgin ƙasa, inda ya zauna kimanin shekara 40, ko da yake rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta.

Kalangu a hannun mai 'yanci

Don a gane abin da Shata ya sauya, sai an dubi yadda makaɗan Hausa suka kasu kafin zuwansa. Akwai makaɗan fada, masu kotso da taushi da jauje da tambari, waɗanda kowannensu yake da sarkinsa. Ibrahim Narambaɗa, alal misali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, kuma da kotso yake waƙa. Akwai kuma makaɗan sana'a da na maza: na manoma, na maƙera, na mafarauta, na 'yan dambe irin su Ɗan Anace. Kalangu kuwa an san shi da kiɗan mahauta da na 'yan mata a dandali da wuraren biki. Ba kayan kiɗan da ake shiga da shi gaban sarki ba ne.

Shata ya ɗauki wannan kalangu ya kai shi ko'ina, daga bakin kasuwa har zauren fada. Kalangu ganga ce mai baki biyu da siririn tsakiya, ana rataya ta a hammata, ana matse tsarkiyarta ko a sassauta don sautin ya hau ko ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, gwanin kalangu yana iya sa shi ya yi magana, mai sauraro ya gane abin da ake nufi ba tare da an buɗe baki ba. Shi kansa Shata ba ya kaɗawa. Yakan tsaya a gaba, makaɗansa a bayansa suna kiɗa suna amshi, maroƙa da sanƙira kuma suna cika fage da kirari.

Tsarin waƙarsa ba mai wuyar kamawa ba ne. Amshi gajere ne, wani lokaci kalmomi kaɗan, ana maimaita shi daga farko har ƙarshe. A tsakanin amshi da amshi ne Shata yake zuba magana: labarin yadda suka haɗu da wanda yake waƙewa, da asalinsa, da kyautar da ya yi, da garuruwan da aka bi, da habaici ga abokan hamayya. Ba ya rubutawa, ba ya zama ya shirya baitoci kamar yadda wasu makaɗan fada suke yi da yaransu. A fage yake ƙirƙira, shi ya sa waƙa ɗaya takan zo da fuska dabam-dabam a faifai dabam-dabam. Bakandamiyarsa, wadda a cikinta yake yi wa kansa kirari yana bayyana fifikonsa a kan sauran mawaƙa, ita ce babban misali, domin kusan duk inda ya rera ta sai ya ƙara wani abu ko ya sauya wani.

Babban abin da ya bambanta shi da makaɗan fada shi ne bai zama mallakin kowa ba. Yana da iyayen gida da yawa, amma babu wanda zai hana shi zuwa wani wuri ko yi wa wani waƙa. Ko Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya fi kowa kusanci da shi a cikin sarakuna, dangantakarsu ta ƙauna da girmamawa ce.

Waɗanda ya waƙe

Babu wanda ya san adadin waƙoƙin Shata, har shi kansa. Masu bincike suna lissafa su da dubbai, kuma da yawa sun tafi da iskar wuraren da aka rera su, musamman na shekarun farko kafin na'urar ɗaukar magana ta yawaita.

Waɗanda suka rage sun isa su nuna faɗin fagensa. Ya yi wa sarakuna, irin su Sarkin Daura Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero. Ya yi wa attajirai irin su Alhaji Ahmadu Chanchangi. Ya yi wa bayin sarki da fadawa, kamar Hassan Sarkin Dogarai. Ya kuma ɗauko mutanen da ba don shi ba da sunansu bai wuce garinsu ba, kamar Umaru Ɗanɗanduna na Gwandu, ya sa yaro da babba suka san su. Direbobi, da 'yan kasuwa, da mata masu sana'a, da ma'aikatan asibiti, da sojoji, duk sun samu rabonsu.

Bai tsaya ga yabon mutane ba. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojoji da kiran haɗin kan ƙasa. Ya yi waƙoƙin jan hankali a kan noma da neman na kai. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a watan Yulin 1969, ya yi waƙar kumbon Apollo 11, wadda ta kai labarin har ƙauyukan da ba a karanta jarida. Ya waƙe dabbobi da dazuzzuka da garuruwa, ya kuma yi waƙoƙin yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wanda ya bi waƙoƙinsa daki-daki zai ga tarihin arewacin Najeriya na rabin ƙarni: zamanin En'e, da samun mulkin kai a 1960, da juye-juyen mulki, da arzikin man fetur, da tsadar rayuwar da ta biyo baya.

Yadda muryarsa ta iso arewacin Kamaru

Hausawa sun daɗe a ƙasar Adamawa. Tun ƙarni na 19 fatake da malamai suke bin hanyoyin da suka ratsa Yola da Garwa zuwa Ngaundare da Tibati da Banyo, suna cinikin goro da tufafi da fata da hauren giwa. Da yawa sun zauna, suka kafa unguwanni a ƙarƙashin lamiɓɓe na Fulani, irin su unguwar Haoussaré a Garwa. Wasu suka zarce kudu har unguwar Briqueterie a Yawunde da New Bell a Duwala. Da Turawa suka raba ƙasa, Yola ta faɗa hannun Ingila, Garwa kuma hannun Jamus sannan Faransa, sai dangi ɗaya ya wayi gari a ƙasashe biyu, duk da kogin Binuwai guda ne ya ratsa su.

Bahaushen Garwa yakan tashi da harsuna uku: Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa da fada, Faransanci a makaranta da ofis. Littattafan Hausa na boko da ake bugawa a Zariya ba su cika isowa ba, kuma ba a koyar da harshen a aji. Abin da ya iso ba tare da neman izinin kowa ba shi ne rediyo. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ana kama shi nesa da iyakar Najeriya, kuma waƙoƙin Shata na cikin abin da ya fi sakawa. Ita ma tashar Rediyon Garwa tana da shirye-shiryenta na Hausa da Fulatanci, masu saurare a ɓangarorin iyaka biyu. Bayan faifan garmaho da kamfanoni irin su EMI suka buga, sai kaset ya zo, direbobin manyan motoci da 'yan kasuwa suka riƙa shigo da shi daga Kano da Yola da Mubi tare da atamfa da kayan masarufi.

Ta wannan hanya yaron da bai taɓa taka Katsina ba ya san sunan Funtuwa da Daura da Musawa, ya kuma ji karin magana da salon zance irin na tsakiyar ƙasar Hausa. Fulani da Kanuri da sauran maƙwabta masu jin Hausar kasuwa su ma sun saurare shi, domin Hausarsa a sarari take, ba ta da tsauri irin na waƙoƙin fadar Sakkwato da Zamfara. Abin da ya faru a Garwa shi ya faru a zangon Kumasi da Accra, da Njamena, da garuruwan Sudan da Hausawa suka zauna a kan hanyar Makka.

Yabo da suka

Shata bai rayu ba tare da masu suka ba. Malamai da dama sun ƙi sana'ar kiɗa gaba ɗayanta, kuma waƙar da ya yi wa mashaya ta zama hujja a hannun masu ganin yana ɓata tarbiyya. Wasu kuma sun zarge shi da cewa yabonsa na mai kuɗi ne, ko ta wace hanya ya samo su.

Akwai kuma tsoron bakinsa. Zambonsa da habaicinsa suna da kaifi, kuma wanda ya faɗa a cikinsu yakan daɗe ana nuna shi da yatsa. Mutane da yawa sun yi imani cewa bakinsa yana kama mutum, abin da ya sa ake ta ba da labarai a kansa waɗanda suka fi kama da almara. Ko mene ne gaskiyarsu, sun nuna irin ƙarfin da jama'a suke ganin mawaƙi yana da shi a wancan zamani, lokacin da waƙa ɗaya a rediyo take iya ɗaga mutum ko ta kayar da shi.

Masu kare shi kuwa suna nuni da cewa abin da ya samu bai tsaya a hannunsa ba. Ya riƙe makaɗa da maroƙa da iyalansu, ya yi noma sosai, kuma an san shi da faɗa wa manya gaskiya a fuskarsu.

Siyasa da karramawa

Bai tsaya kallon siyasa daga nesa ba. A shekarun 1970 ya zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, lokacin tana cikin tsohuwar jihar Kaduna. A jamhuriya ta uku kuma ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, amma bai daɗe ba aka sauke shi bayan saɓani a cikin jam'iyyar. Mutumin da ya saba faɗin abin da ke ransa a gaban kowa bai dace da lissafin 'yan siyasa ba.

Inda ya samu karɓuwa mai ɗorewa shi ne wajen masana. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka da nazari a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'ummar Hausa da Fulani. Gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar girmamawa ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga nan aka riƙa kiran sa Dakta Mamman Shata. Ga makaɗan Hausa baki ɗaya wannan rana babba ce, domin sana'ar da ake kira roƙo ta hau mumbarin jami'a sanye da alkyabba.

Rasuwarsa

A ƙarshen shekarun 1990 rashin lafiya ya kwantar da shi. An kai shi asibiti a Jidda ta ƙasar Saudiyya, aka dawo da shi Kano. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga watan Yunin 1999 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76, makonni kaɗan bayan Najeriya ta koma mulkin farar hula. An kai gawarsa Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura a can.

Abin da ya bari

A 2006 aka wallafa littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah!, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa tare da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami. Ɗalibai a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna ci gaba da rubuta kundaye a kan waƙoƙinsa. Mawaƙan zamani, masu fiyano da situdiyo, sun gaji hanyar da ya share ta mawaƙin da ba ya ƙarƙashin fada ɗaya, ko da yake kaɗan ne a cikinsu za su iya tsayawa awa guda suna ƙirƙirar waƙa nan take.

Sai dai Shata ya yi sa'ar da yawancin makaɗa ba su yi ba: an ɗauki muryarsa da yawa, an kuma rubuta tarihinsa tun waɗanda suka san shi suna raye. A arewacin Kamaru akwai makaɗan lamiɓɓe masu algaita da kakaki, da masu goge da garaya da kalangu na unguwannin Hausawa, waɗanda suka yi zamaninsu suka wuce ba tare da an ajiye komai nasu ba sai abin da ya rage a bakin tsofaffi. Ko Ali Baba, ɗan Garwa da ya yi suna a waƙa da rawa har ƙasashen waje kafin rasuwarsa a Yawunde a 2004, matasa da yawa sunansa kawai suka sani. Tsofaffin kaset suna lalacewa a cikin akwatuna, masu su kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Aikin tattara su da mayar da su cikin na'urorin zamani yana jiran gidajen rediyo da jami'o'in Ngaundare da Marwa da Garwa, da kuma iyalan da suke riƙe da su.

Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman Shata da sauran makaɗa da mawaƙan da suka riga mu gidan gaskiya, Ya gafarta musu kurakuransu.